Akwatin Wasan da Ya Ƙone a Hausare

An haife ni a Garwa da ke arewacin Kamaru, a unguwar Hausare, cikin gidan da kakanmu ya kafa bayan ya shekara da shekaru yana fataucin goro tsakanin ƙasar Kano da Yola, har ya ga wurin zama a bakin kogin Binuwai ya ajiye sandarsa. Mahaifina yadi yake sayarwa a babbar kasuwa, kuma mun taso yadda yawancin 'ya'yan Hausawan garin suke tasowa: Hausa a cikin gida, Fillanci a kan layi da kasuwa, Faransanci a makarantar boko, karatun allo kuma da asuba da yamma. Yau aikina shi ne shimfiɗa hanyoyin sadarwa na kwamfuta da gyara su idan sun lalace, na kusa cika shekara arba'in, kuma har yanzu ina wasan bidiyo idan na samu sarari. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan tarihi shi ne, iyaye da yawa a unguwarmu sukan tare ni bayan sallar isha'i su tambaye ni ko su raba 'ya'yansu da wasan nan gaba ɗaya, ni kuwa ban taɓa iya ba su amsa a tsaye ba, domin amsar tana tattare da yadda na taso.

A shekarar 1996 kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya dawo daga kasuwar Mubi da wani akwati na roba mai maƙale da abin riƙo guda biyu. Sai da na girma na san cewa kwaikwayo ne na na'urar Famicom, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983, kuma masana'antun Asiya suka yi ta buga irinta da araha suna cika kasuwannin duniya da ita. An haɗa masa da kaset mai ruwan ɗorawa, an rubuta a jikinsa cewa wasa 9999 ne a ciki, amma da muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya sai muka tarar 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sunaye dabam-dabam. Wannan bai rage mana komai ba. Ta ramin eriya ake jona shi da talabijin, sai yayana ya yi ta murɗa abin neman tasha a hankali har hoton ya fito daga cikin yayyafin allo, mu kuma muna durƙushe a kan tabarma ba mai ko tari. Super Mario Bros, wanda ya fito tun 1985, shi ne ya fi cin lokacinmu, sai wasan tankokin yaƙi da mutum biyu suke yi tare suna tsaron sansaninsu.

Baba bai hana mu ba, amma ya gindaya sharaɗi tun daren farko. Ba a kunna akwatin sai ranar Alhamis da Juma'a, kwanakin da makarantar allo take hutu, kuma da an kira salla a kashe shi, ko da saura taki ɗaya a kai ƙarshen mataki. Ya ɗauki akwatin ya sa a cikin adakar Inna, makullin yana hannunta.

Ba mu yi shekara da shi ba ya ƙone. A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa yake wuce digiri 40, ran nan an ɗauke wuta muna tsakiyar wasa, muka bar komai a jone muka fita tsakar gida shan iska. Da wutar ta dawo sai ta zo da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida, ƙwan fitilar zaure ya yi haske fiye da yadda muka saba gani, kuma kafin mu shiga ɗaki warin ƙonannen roba ya riga ya cika shi. Na yi kuka ran nan kamar an yi mana rasuwa. Da Baba ya dawo daga kasuwa ya ji labari, sai ya ce shi ba zai sayi wani ba, amma akwai mai gyaran rediyo a bakin kasuwa wanda suke salla a masallaci ɗaya, in ɗauki akwatin in kai masa, in ce shi ya aiko ni.

Rumfar dattijon nan ƙarama ce, an yi mata rufin kwano, rediyoyi da talabijin marasa murfi sun taru a kowane lungu har kusa da rufi. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da saƙon Baba, na miƙa masa akwatin da ɗan baƙin dunƙulen da ake sawa a soket. Bai taɓa akwatin ba. Dunƙulen ya ɗauka ya kai hancinsa, sa'an nan ya miƙo mini ya ce, "Yaro, sansana. Kafin ka sa sukudireba a jikin kowane abu, ka fara tambayar hancinka da idonka." Ya fasa dunƙulen ya nuna mini taransifoma a ciki, da siririyar wayar tagulla da aka naɗe ɗaruruwan zagaye, wadda ta yi baƙi ta narke a gefe guda. Ya bayyana mini cewa wutar bango bolt 220 ce, akwatin kuwa abin da yake bukata bai wuce tara ko goma ba, kuma wannan naɗin waya shi ne yake sauko da ita. Daga nan ya buɗe akwatin kansa, ya ɗora tsinken mitarsa ta auna wuta a kan wani ɗan ƙaramin abu baƙi mai ƙafa uku, wanda aka rubuta 7805 a jikinsa, ya ce wannan shi ne mai gadin gidan, aikinsa ya tabbatar bolt biyar cif suke shiga ciki, kuma shi ma ya mutu wajen tare abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ciro irinsa daga jikin wata matacciyar rediyo, ya ɗora ƙarfen dalma, hayaƙi ya tashi siriri, ya manna shi. Da ya jona sabon dunƙule ya kunna, kiɗan wasan ya tashi a cikin rumfar, sai na ji abin da ban taɓa ji ba ko a lokacin da nake cin wasan kansa. Tun daga ranar hankalina ya rabu biyu, rabi yana kan abin da ke faruwa a allo, rabi yana kan abin da ke cikin akwatin.

Da aka yi babban hutu na roƙi Baba ya bar ni in riƙa zuwa rumfar. Ya yi shiru kwana biyu, sa'an nan ya sayi goro ya kama hannuna ya kai ni da kansa, ya ce wa dattijon, "Malam, ga ɗanka nan, amana ce." Hutu uku na yi a wurin. Na fara da shara da ɗebo ruwa da ware kusoshi cikin gwangwanayen tumatir, kuma sai da na yi watanni kafin Maigida ya yarda in riƙe ƙarfen dalma. Ya tsananta mini ƙwarai a kan tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, domin kwalbarta tana aiki da wutar da ta wuce bolt 20,000, kuma takan riƙe ragowarta ko bayan an zare ta daga bango. Amma babban abin da na ɗauka a wurinsa shi ne tsarin neman cuta. Yakan ce a fara daga bango a shiga ciki: a duba soket, a duba waya, a duba fiyus, kada a zargi abu mai tsada alhali ba a wanke mai araha ba. Na yi karatu a wurare da dama bayan haka, kuma duk abin da aka koya mini game da gano matsala, wannan ƙa'idar ce aka faɗaɗa.

Wajen shekarar 2000 ɗakunan wasa suka fara yawaita a gari. Mutum zai kama shago, ya jera talabijin uku ko huɗu da benci, ya ajiye PlayStation, wadda Sony ya fitar a Japan a ƙarshen 1994, ana biyan dala goma ko ashirin ta kuɗin sefa a buga wasan ƙwallo ɗaya, wanda aka ci ya tashi. Lokacin ya dace da zamanin da ƙwallon Kamaru take kan ganiyarta, don ƙungiyar ƙasa ta ɗauki kofin Afirka a 2000 da 2002, ta kuma ci zinare a wasannin Olamfik na Sidni a 2000, saboda haka kowane yaro yana son ya riƙe Patrick Mboma ko Samuel Eto'o a hannunsa. Faifan da aka fi samu na Winning Eleven ne na kamfanin Konami, rubutunsa duk da Japananci, ba mai iya karanta ko harafi ɗaya, amma mun haddace cewa layi na biyu shi ne canjin 'yan wasa, na huɗu kuma tsarin fili. Wani lokaci na'urar da aka sayo ta kasuwar Japan ko Amurka takan fito da hoto fari da baƙi, masu shago su ɗauka ta lalace, alhali bambancin tsarin launi ne, nasu NTSC, talabijin ɗinmu kuma PAL. Idan idon da ke karanta faifai ya gaji, sai a kife na'urar a kan bayanta ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Da masu shagunan suka gane cewa ina iya share idon, in daidaita shi, in canza robar maɓallan abin riƙo, sai suka fara aiko yara gidanmu nemana. Kuɗin farko da na samu da hannuna daga nan ya fito, kuma na kai wa Inna shi dunƙule a cikin takarda.

Wajibi ne in faɗi ɗaya ɓangaren, domin idan na ɓoye shi na zalunci iyayen da suke tambayata. A ɗakunan nan na ga ana caca a kan wasa, na ga yaron da ya ɗauki kuɗin cefanen gidansu ya zo ya ƙarar, na ga abokai sun yi dambe saboda ƙwallo ɗaya. Ni kaina akwai shekarar da na faɗi jarrabawar zango, saboda na mayar da shagon wasa gidana na biyu da sunan gyara. Wata rana magariba ta wuce ni ina riƙe da abin wasa, na fito na tarar da Baba tsaye a bakin ƙofar shagon da carbinsa a hannu. Bai ɗaga murya ba, bai kuma taɓa ni ba. Da muka isa gida ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Na kai ka wurin Malam don ka mallaki abin nan, ban kai ka don ya mallake ka ba." Ya hana ni shiga kowane ɗakin wasa har ƙarshen shekarar karatu, sai dai a kawo gyara gida in yi a gabansa. Na ji zafin hukuncin a lokacin, amma da bai yi haka ba, ban ga yadda zan kai ga makarantar fasaha ba.

Na karanta fannin lantarki a sakandaren fasaha, sashen da ake kira F2, daga nan na wuce Jami'ar Ngaundere, wadda take a Dang a wajen gari, na yi shekara biyu a cibiyarta ta fasaha ina koyon kwamfuta da hanyoyin sadarwa. Wanda ya taso a zafin Garwa, sanyin tudun Adamawa yakan ba shi mamaki a watannin farko. A ɗakinmu na haya akwai PlayStation 2 ta wani abokina, na'urar da ta fito a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 150 nata a duniya. A shekarar 2008 ƙungiyar garinmu, Coton Sport, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, ta kara da Al Ahly ta Masar, aka ci ta biyu da nema a Alƙahira, aka tashi biyu da biyu a filin Roumdé Adjia. Ƙungiyar ba ta cikin faifan wasanmu, kamar yadda kusan duk ƙungiyoyin nahiyar nan ba sa ciki, saboda haka muka kwana uku muna ƙirƙirar ta da hannu: riga kore da fari, sunan kowane ɗan wasa, tsawonsa, gudunsa, ƙarfin bugunsa, muka adana a ɗan katin ajiya mai megabait 8. A nan na fahimci da idona abin da malamai suke faɗa a aji, cewa ɗan wasan da muke gani yana gudu a allo jerin lambobi ne da wani mutum ya zauna ya rubuta, kuma wanda ya rubuta shi ne yake zaɓar wanda zai shiga da wanda za a bari a waje.

Aikina na farko a shagunan intanet ne, lokacin da yawancinsu a arewa da faranti suke kamo sadarwa daga tauraron ɗan Adam. Daga baya na koma kula da kayan da ke gindin dogayen turakun waya, aikin da ya zagaya da ni Gidar, Marwa, Kusiri, har na ƙetare gadar Ngeli zuwa Njamena ba sau ɗaya ba. A ƙasarmu manyan abokan gaban na'ura uku ne, zafi da ƙura da wutar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a farkon shekarun 1980 da ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani kowa yakan ji a jikinsa, ko da yake tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun kawo sauƙi. Duk sa'ad da na buɗe akwatin sadarwa na tarar fanka ta toshe da ƙurar hunturu, ko na ji ƙaurin abin da ya ƙone, rumfar bakin kasuwa nake tunawa. Yanzu aikin da na fi so shi ne haɗa wayar gilashi, wadda kaurinta kusan ɗaya ne da na gashin kai, hasken da ke ɗauke da saƙo kuma yana bi ta wata 'yar hanya a tsakiyarta wadda ta fi haka siranta sau goma da wani abu. Ana feƙe ta, a goge, a yanke ta daidai, a sa bakin biyu a cikin injin da zai narka su su zama ɗaya. Ƙwayar ƙura guda ta isa ta ɓata aikin, don haka nakan yi shi a cikin mota, gilasai a rufe, gumi yana zuba.

Sana'ar ta kuma warware mini wani abu da yake damun duk mai wasa ta intanet a yankinmu, wato jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Matasa sukan ɗauka wayarsu ce ba ta da kyau, amma sau da yawa nisa ne kawai. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasannin nan galibi a Turai suke. Saƙon da ya tashi daga Garwa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa bakin teku, inda wayoyin ƙarƙashin ruwa suke sauka a Duwala da Limbe da Kiribi, sa'an nan ya bi gaɓar Afirka ta Yamma dubban kilomitoci kafin ya isa, kuma ya dawo ta hanyar da ya bi. Haske a cikin gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka ko komai yana tafiya daidai, zuwa da dawowar yakan kusa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A wasan da hoto yake canzawa sau 60 a daƙiƙa, wannan yana nufin abokin karawarka da ke Faransa ya riga ka ganin ƙwallo da hotuna biyar ko shida. Shi ya sa har gobe na fi son wasan da ake yi a ɗaki ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, a kan tabarma ɗaya.

A 2016 wani kamfanin matasa a Yawunde mai suna Kiro'o Games, ƙarƙashin jagorancin Olivier Madiba, ya fitar da wasan Aurion, wanda aka gina labarinsa da tufafinsa a kan al'adun Afirka. Na saye shi, na buga shi har ƙarshe, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa 'yan ƙasar nan ne suka rubuta lambobin da kansu, a cikin irin matsalar wuta da tsadar intanet da muka sani. Ban ga dalilin da zai hana a samu irinsa da Hausa ko Fillanci ba, mai ɗauke da ayarin fatake da garuruwa masu ganuwa da tatsuniyoyin da kakanninmu mata suka yi mana.

To, ga abin da nake ƙoƙarin gaya wa iyaye. Alherin da na samu a wasan bidiyo, mafi yawansa a lalacewar na'urar na same shi, da kuma dattawa biyu da suka tsaya a kaina, ɗaya ya buɗe mini akwatin, ɗaya ya kafa mini iyaka. Abin da yake ba ni tsoro game da yaran yanzu shi ne duka biyun suna neman ɓacewa. Wasanni irin su Free Fire da PUBG a cikin waya suke, wayar kuwa a manne take da gam, ba kusar da yaro zai kwance ya leƙa, kuma tana shiga da shi har cikin gidan sauro inda ba uban da zai tsaya masa a bakin ƙofa. An kuma tsara su ne yadda ba sa ƙarewa, kullum da sabuwar kyauta da sabuwar rigar da za a saya da kuɗin gaske, kuma na san gidajen da kuɗin da ke cikin wayar uwa ya tafi ta wannan hanya. Ban yarda a ƙwace a jefar ba, domin yaron zai je ya yi a wayar abokinsa, kuma an rufe ƙofar da wataƙila ta nan sana'arsa za ta shigo. Amma ban yarda a miƙa masa a juya baya ba. A gidana na'urar wasa a falo take inda kowa yake gani, ranakunta Alhamis da Juma'a ne kamar yadda na gada, kuma nakan zauna in buga tare da su.

Makonni kaɗan da suka wuce, abin riƙo ɗaya ya fara wata cuta da masu wasa suka sani, ɗan wasa ya riƙa tafiya gefe shi kaɗai ba wanda ya taɓa sandar. Babban ɗana ya ce in sayo sabo, amma ƙanwarsa, mai shekara tara, ta tambaye ni me yake tura shi. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, na ba ta ƙaramin sukudireba da murfin kwalba na zuba kusoshi, na bar ta ta kwance shi da kanta. Na nuna mata 'yan ƙananan ma'aunai biyu da ke gindin sandar, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na gaba da baya, da yadda hanyar baƙin gawayin da ke cikinsu take cinyewa da yawan gogayya har ta riƙa ba da labarin ƙarya. Kafin in ce komai ta ɗauki allon da ke cikin abin riƙon ta kai hancinta, ta ce, "Baba, wannan bai ƙone ba." Na ce mata haka ne, ta kawo mita mu auna. Muna cikin aunawa aka kira la'asar, muka rufe kayan da ƙyallen, ta kirga kusoshinta guda huɗu ta tabbatar sun cika, muka tashi yin alwala.